Yadda jiki ke kwafar DNA, da abin da ya haɗa hakan da cutar sikila

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, likitoci na yawan kira ga masu shirin aure da su yi gwajin jini saboda amosanin jini, wato sikila. Tushen cutar yana cikin DNA, rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki.

DNA ta yi kama da igiyar guga mai tufka biyu. An rubuta ta da haruffa huɗu, A, T, C da G, kuma kullum A na riƙe da T, C na riƙe da G. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, dole ta kwafe haruffan, kusan biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba.

Wani sinadari mai suna helikas ne ke warware igiyar, sai wurin ya buɗe tamkar gwafa. A bakin gwafar, wani sinadarin, folimeras, yana bin kowane zare yana ɗora harafin da ya dace. Ta fuska ɗaya kawai yake iya tafiya. Shi ya sa zare ɗaya ke ginuwa a miƙe, ɗayan kuma guntu-guntu, daga baya ligas ya ɗinke su. Masanan Japan Reiji da Tsuneko Okazaki suka bayyana waɗannan guntaye a 1968.

Folimeras na duba aikinsa yana gyara kuskure, don haka kwafin kan fito daidai. Amma abin da ya tarar a rubuce, shi yake kwafa. A sikila, harafi ɗaya ne ya canza tun dubban shekaru: T ta maye gurbin A a umarnin haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Haka ake ta miƙa shi daga iyaye zuwa ƴaƴa. Ba maita ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne.

Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mai AS yakan rayu lafiya lau bai sani ba. Gwajin jini ne ke nunawa, kuma ya fi amfani tun kafin a kai kuɗin aure.