Keke, Doki da Bangaskiya: Darasi Daga Kiristocin Amish da Menonayit

A ƙasar Amurka, inda kusan kowane gida yake da mota, akwai waɗansu Kirista da suka zaɓi su yi zirga-zirga da keken doki, ko da keke, ko da ƙafa. Su ne Amish da wani ɓangare na Menonayit. Yawancinsu manoma ne da kafintoci da masu sana'ar hannu, suna da halin sayen mota, amma suka ƙi. Ya kamata mu san dalilinsu.

Tushensu yana birnin Zurik na ƙasar Siwizalan. A watan Janairu 1525 waɗansu masu bi, cikinsu har da Conrad Grebel da Felix Manz da George Blaurock, suka yi wa juna baftisma, domin sun gaskata cewa baftisma ta wanda ya tuba ce, ya kuma shaida bangaskiyarsa da bakinsa. Aka kira su Anabaftis, wato masu sake baftisma, aka tsananta musu ƙwarai. A 1527 hukuma ta nutsar da Manz a kogin Limat. A 1536 wani firist na Katolika ɗan ƙasar Holan, Menno Simons, ya shiga cikinsu, daga sunansa ne aka samo Menonayit. A 1693 Jakob Ammann ya rabu da sauran saboda yana son a tsananta horo a cikin ikkilisiya, mabiyansa ne ake kira Amish. Tsanani ya sa da yawa suka yi ƙaura zuwa Pensilbaniya a Amurka.

Sun ɗauki Huɗubar Yesu a Kan Dutse (Matiyu 5 zuwa 7) a matsayin umarni na kowace rana. Ba sa yin rantsuwa, ba sa zuwa yaƙi, ba sa ramawa. Suna kuma riƙe da gargaɗin Romawa 12:2 game da bin salon duniya.

To, ina maganar keke ta shigo? Amish ba su da ginin majami'a a yawancin wurare. Suna yin sujada a gidajen juna, Lahadi ɗaya a cikin biyu, don haka dole iyalan ikkilisiya ɗaya su zauna kusa da juna. Kowace ikkilisiya tana da ƙa'idar zama da suke kira Ordnung, kuma duk wani sabon abu da ya fito sukan auna shi da tambaya guda: zai haɗa mu ne, ko zai warwatsa mu? Sun lura cewa mai mota yakan yi nisa da gida, yakan daina bukatar maƙwabcinsa, motar kuma takan zama abin fahariya. Shi ya sa suka hana mallakarta, ko da yake sukan yi hayar direba idan tafiyar asibiti ko ta nesa ta kama.

A kan keke kuwa ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. A yankin Lankasta na Pensilbaniya, Amish ba sa hawan keke mai feda, suna ganin zai kai matasa nesa cikin sauƙi. Abin da suke hawa shi ne wani mai taya biyu da ake tsayawa a kai ana tura shi da ƙafa ɗaya. Amma a yankin Holmes na jihar Ohayo da arewacin Indiyana, keke ne abin zuwa aiki da kasuwa, har ma waɗansu sun karɓi mai aiki da batir. Menonayit masu keken doki su ma suna hawan keke sosai, yayin da yawancin Menonayit na duniya ba su hana mallakar mota ba. Tambayar ɗaya ce, amsar ce ta bambanta.

Wannan tarihi ya taɓa mu a nan. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta fito ne daga wata ikkilisiya mai dangantaka da koyarwar Anabaftis.

Sai dai mu yi hankali. Hawan keke ba ya ceton kowa, ceto ta wurin alheri ne (Afisawa 2:8-9), kuma mutum yana iya yin girman kai da tsohuwar riga kamar yadda wani yake yi da sabuwa. Amma tambayarsu tana da amfani a gare mu. Iyalai nawa ne bashi ya hana su barci saboda babur, ko waya, ko biki na kece raini? Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan son kuɗi, ya kuma yaba wa wadar zuci (1 Timoti 6:6-10). Kafin mu sayi wani abu, bari mu zauna da iyalinmu mu tambaya: zai ƙara mana lokacin addu'a da ziyarar marasa lafiya, ko zai cinye shi? Zai bar mana abin da za mu taimaki gwauruwa da maraya? Ubangiji ya ba mu hikimar amsawa da gaskiya.