Amsoshin Wasiƙunku: Wa Zai Kula Mini da 'Yata a Jami'a?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Rijiyar Zaki. Ya ce 'yarsa ta sami gurbi a Jami'ar Bayero, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana tambaya: ina za ta kwana, me za ta ci, kuma in ciwo ya kama ta wa zai duba ta?

To Malam, da farko muna taya ka murna, Allah ya sanya albarka. Kai ma maƙwabcin jami'ar nan ne, domin sabon mazauninta yana kan titin Gwarzo, kusa da ku. Ita wannan makaranta ta faro ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tsohon mazauninta yana wajen Kabuga.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, jami'a ba kamar sakandaren kwana ba ce. Babu mai kaɗa ƙararrawa ya ce a tashi ko a je aji. Akwai taimako iri-iri, amma sai ɗalibi ya je ya nema da ƙafarsa.

Batun kwana, akwai ɗakunan ɗalibai, na mata daban, na maza daban, da masu gadi a ƙofa. Sai dai gadajen ba sa isar kowa, don haka da zarar an buɗe rajista ta yi hanzarin nema. In ba ta samu ba, tunda kuna kusa, gara ta riƙa zuwa daga gida da ku kama mata hayar da ba ku san maƙwabtanta ba.

Abinci kuwa, zamanin da gwamnati ke ciyar da ɗalibai ya wuce tun cikin shekarun 1980. Yanzu kowa da aljihunsa. Ka ga ku manoma kun huta: garin masara, wake, kuka, daddawa da man gyaɗa daga gida za su rage muku kashe kuɗi ƙwarai.

Wajen lafiya, jami'ar tana da asibitinta na ɗalibai da ma'aikata. Ta tabbatar ta yi rajista ta karɓi kati tun tana lafiya, kada ta bari sai zazzaɓi ya kwantar da ita. In ciwon ya yi tsanani, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya.

Akwai kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai, da malamin da kowane sashe ke naɗawa don ba 'yan aji shawara. In wani ya matsa mata, ko malami ne ko ɗalibi, can za ta kai ƙara. Ka gaya mata kada kunya ta hana ta magana.

Sai maganar kuɗi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗalibai rance ta asusun NELFUND, babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Amma fa bashi ne, ku yi shawara tukuna. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kano ma tana nan. Kada ku ba kowa kuɗi a hannu da sunan zai samo muku ɗaki ko tallafi. Ku biya ta banki, ku adana rasit.

A ƙarshe Malam, ka raka ta ranar rajista, ka ga ɗakin da asibitin da idonka, gani ya kori ji. Kuma ka riƙa leƙa ta kana tambayar sakamakon jarrabawarta. Muna buƙatar 'ya'yanmu mata likitoci da malamai.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.