Yadda za a rage hayaniya yayin naɗar murya a gida da ƙaramin jari

'Yan kasuwa da dama a yau kan naɗi tallar hajarsu da kansu su tura ta WhatsApp ko Facebook, haka kuma ma'aikata da malamai kan shirya darussa da jawabai daga gida. Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne hayaniya, wato ƙugin janareta da kukan fanka da amsa-kuwwar ɗaki da ƙarar da na'urar kanta ke haifarwa. Tallar da mai saye bai ji farashi ko adireshin shago a cikinta ba, asara ce ga mai ita. Sai dai yawancin maganin ba ya buƙatar sayen sababbin kaya.

Mataki na farko shi ne tazara. A ƙa'idar sauti, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya kan ragu da kimanin desibel 6. Saboda haka wanda ya matso daga santimita 30 zuwa 15 ya ƙara wa muryarsa rinjaye a kan hayaniyar ɗaki ba tare da kashe ko kwabo ba. A ɗan karkatar da makirufo gefen baki domin kada iskar haruffa irin su "f" da "b" ta buge shi. Idan mai ɗaukar sauti daga gaba ne, a juya bayansa ga taga ko ƙofa. Ga mai niyyar saye, makirufo nau'in dainamik da ake kusantar da baki gare shi ya fi dacewa da gidan da ke bakin titi.

Na biyu shi ne ɗakin. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da sauti, shi ya sa murya ke fita kamar daga cikin rijiya. Labule mai kauri da kafet da katifar da aka jingina da bango da durowa cike da tufafi duk suna shanye amsa-kuwwa. Amma shanye sauti daban, tare shi daban. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, domin abu mai nauyi da toshe kafofi ne kawai ke yin hakan. A rufe taga, a cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, a nisanta janareta, a kashe fanka da firji, sannan a zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit.

Akwai kuma ƙugin lantarki. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawa kan shiga sauti ta hanyar caja maras inganci ko wayoyin da suka cakuɗe. Gwajin mai sauƙi ne: a zare cajar kwamfuta, idan ƙugin ya ɗauke to an gano tushensa, sai a riƙa naɗa da batiri. A jona na'urorin a soket guda, a raba wayar makirufo da ta wuta, a kuma sa wayoyin salula a yanayin jirgin sama. Kada a cire ƙafa ta uku ta filogi don kawar da ƙugi, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Sai ma'aunin shigar murya. A daidaita shi yadda mafi ƙarfin magana zai tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, ɗaga shi daga baya zai ɗago hayaniya tare da shi. Idan kuwa ya taɓa sifili, muryar za ta fashe, gyaranta kuma yana da wuya.

Manhaja ita ce ta ƙarshe. Audacity kyauta ce, kuma tana iya cire ƙarar da ba ta sauyawa, kamar ta fanka, muddin an bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon naɗin domin ta ɗauki samfuri. Ba ta iya yin haka da hon ɗin mota ko kukan yaro, kuma idan aka matsa mata sai murya ta koma kamar ta wanda ke magana a cikin ruwa. Don haka kafin a fara aikin gaske, a naɗi gwajin daƙiƙa 30, a saurare shi da abin sawa a kunne, a kawar da duk ƙarar da aka ji tun daga tushenta.