Tamfol Mara Nauyi: Ɗakin Maharbi Da Masunci A Daji

Da zarar watan Disamba ya kama, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara kaɗawa, sai ka ga samari da dattawa daga Gurugu da sauran unguwannin Tamale suna ɗaure kaya a bayan babur. Wasu daji suka nufa neman zomo da zabo da gyazbi. Wasu kuwa bakin kogin Farin Volta za su, wajen Nawuni ko Daboya ko Yapei, da fatsa da birgi. Kowa zai duba bindigarsa ko komarsa, ya auni garin rogo, ya cika jarka da ruwa. Abin da ake mantawa da shi sai an kusa tashi shi ne wurin kwana. Sai mutum ya fizgi duk tamfol ɗin da ya gani a tsakar gida, ya ce ai kwana biyu ne kawai.

Ni ma na taɓa yin wannan ganganci. Wata shekara a farkon damina muka kwana a gaɓar kogi kusa da Yapei, da wani tamfol mai araha da na saya a gurguje. Can tsakar dare hadari ya taso. Iskar farko ta fizge ƙawanyun ƙarfen da ke bakinsa, ta biyu ta yi sama da shi. Muka kwana a tsugune, ashana ta jiƙe, gari ya zama kunu. Tun daga ranar na gane zaɓen tamfol ba abin wasa ba ne.

Da Can Da Yanzu

Iyayenmu ba su san tamfol ba. Maharbi ya kan sari itace biyu masu gwafa, ya gicciya wani a kai, ya yanki gamba ya rufa, shi ke nan ya sami bukka. Amma yau dajin ya canja. Masu gawayi sun rage itace, wutar daji tana cinye ciyawa tun kafin rani ya yi nisa, filaye da yawa kuma sun zama gonaki. Dole mutum ya tafi da rufinsa.

To a nan ne batun nauyi ya shigo. Babur yana da inda zai tsaya, daga nan sai ƙafa, kaya kuma sai kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A watan Maris, lokacin da zafin Tamale kan kai digiri 40, mai yawo a daji ba zai wadatu da ƙasa da lita 4 ko 5 a wuni ba. Ashe ke nan duk kilon da ka rage a tamfol, litar ruwa ce ka ƙara wa kanka.

Iri Uku Ne

Na farko shi ne tamfol mai kauri irin wanda ake rufe kayan manyan motoci da shi. Yana da ƙarko, inuwarsa tana da sanyi, tartsatsin wuta ba ya huda shi nan da nan. Sai dai mai mita 3 da mita 4 ya kan kai kilo 6, in ya sha ruwa kuwa sai mutum biyu. Wannan na masuncin da ke da kwale-kwale ne, wanda zai kafa sansani ya yi makonni yana bandar tarwaɗa da karfasa.

Na biyu shi ne na leda da aka saƙa, wanda ya cika kasuwar Aboabo da babbar kasuwar Tamale, galibi shuɗi. Kaurinsa da giram ake auna shi a kowace murabba'in mita. Mai giram 70 in ya kai mita 3 da 4 bai cika kilo ɗaya ba, amma ba ya jure iska, rana kuma tana cin sa har ya riƙa marmashewa. Mai giram 150 zuwa 180 ya kan kai kilo biyu, shi ne kuma mai jurewa. Ga yawancinmu wannan shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku shi ne na nailan mai shafin roba, irin na masu yawon duwatsu a Turai da Amurka. Wani Ba'amurke mai suna Ray Jardine ya yi fice wajen yaɗa wannan ra'ayi na rage kaya tun littafinsa na 1992, inda ya nuna tamfol ya wadatar ba sai an ɗauki tanti ba. Mai mita 3 da 3 ba ya kai kilo ɗaya, in an naɗe shi bai fi burodi girma ba. Akan dace da shi jefi-jefi a cikin kayan gwanjo. Amma a sani, nailan yana saki in ya jiƙe, sai an tashi an sake ɗame igiya, kuma rana mai zafi tana rage masa kwana. Akwai ma wani mai suna Dyneema da ya fi wannan rashin nauyi, kuɗinsa ɗaruruwan daloli. Ba a yi shi domin dajin ƙaya ba, kuma in ya yage telan unguwa ba zai iya masa komai ba.

Kafin Ka Biya Kuɗi

Ka sa mai kaya ya warware maka shi, ka ɗaga shi saitin rana. In ka ga haske yana ɓullowa ta ƙananan huji, ruwa ma ta nan zai bi. Ka duba bakinsa, ko an kalmasa shi da igiya a ciki. Ka ja kusurwa da ƙarfi, domin daga nan yagewa ke farawa.

Kada ka dogara da ƙawanyun ƙarfen nan. Ka ɗauki ɗan dutse mai santsi ko ƙwallon kaɗanya, ka sa a cikin tamfol kusa da kusurwa, ka zarge shi da igiya ta waje. Wannan ya fi ƙawanya riƙo nesa ba kusa ba. In kuma ka haɗa igiyar da yankin robar tsohon tayar babur, iska za ta ja ta saki ba tare da ta yaga ba.

Game da girma, mita 2 da 3 ya ishi mutum ɗaya da kayansa. Mutum biyu su nemi mita 3 da 4. Game da launi, maharbi ya nemi kore ko ruwan ƙasa, don shuɗi ana hango shi daga nesa. Shi kuwa masunci shuɗin ya fi masa, domin in wani abu ya faru 'yan'uwa su gan shi daga cikin ruwa. Sai igiya mita 20, da allura da zaren buhu.

Rufi Ne, Ba Ɗaki Ba

Abin da mai karatu zai riƙe shi ne tamfol ba shi da bango, ba shi da daɓe. Ba zai tsare ka daga sauro ba, sai ka rataya gidan sauro a ƙarƙashinsa ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Haka ma kunama da kububuwa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen sarar manoma a arewacin Gana. Ka share wurin tas kafin ka shimfiɗa, ka nisanci suri da tarin duwatsu, ka zazzage takalmi da safe.

Ka ba gabas baya. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Sai ka sauke wannan gefe har ƙasa ka danne da turaku, ka bar gefen yamma a buɗe. Da zafi ka ɗaga shi sama iska ta ratsa. Da damina ka yi masa doro kamar jinka, don kada ruwa ya taru a tsakiya.

Masunta kuma su kula da gaɓa. A watan Agusta ko Satumba akan buɗe madatsar ruwa ta Bagre da ke Burkina Faso, sai Farin Volta ya cika ya batse ko da ba a yi ɗigon ruwa a inda kake ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 ba sa bukatar a yi masu bayani. Yashin bakin kogi yana da daɗin kwanciya, amma tudu ya fi.

Doka Da Wuta

Tun dokar namun daji ta 1971 aka ware 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba a matsayin lokacin hana farauta, don dabbobi su hayayyafa. Gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma sai da lasisi. Gandun dajin Mole da ke kusa da Damongo kuwa ba a farauta a cikinsa ko da wane lokaci.

Sai wuta. Leda da nailan ba sa shiri da ita, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda su. Ka hura wutarka taku biyar ko fiye daga rufinka, ta gefen da iska ke tafiya. In za ka tashi ka kashe ta da ruwa ko ƙasa. Dattawa ba su manta gobarar daji ta 1983 ba, wadda ta haɗu da fari ta jefa ƙasar nan cikin yunwa, akwai kuma dokar 1990 da ta tanadi hukunci ga mai cinna wa daji wuta.

In ka dawo gida ka shanya tamfol ɗinka a inuwa, ka ɗinke inda ya yage, ka rataye shi inda ɓera da gara ba za su kai ba. Kafin tafiya ta gaba kuma ka gwada kafa shi a tsakar gida da rana tsaka, don hannunka ya saba tun kafin duhu da iska su same ka. Da ma an ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.