Gudun Jirgin Ruwa da Farashin Riɗin Ajingi

Ko da yake Ajingi tana can ƙasar Gaya a gabashin Jihar Kano, nesa da kowane teku, riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a yankin da maƙwabtansa na Jigawa ba sa isa hannun masu saye a Sin da Japan da Meziko sai ta jirgin ruwa. Ana auna riɗin da tiya a kasuwar ƙauye, a ɗura a buhu a kai kasuwar Dawanau da ke Kano, inda ake tankaɗe shi a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan a loda shi cikin sunduƙin ƙarfen da ake kira kwantena, tirela ta nufi Legas da shi. Duk abin da aka kashe a wannan doguwar hanya daga kuɗin manomi ake zaftare shi, saboda haka batun jiragen dakon kaya masu tsananin gudu ya shafe shi.

Jigilar gaɓar teku, wadda irin waɗannan jirage kan yi, ita ce ɗaukar kaya tsakanin tashoshin da ke kusa da juna, kamar daga Legas zuwa Onne ko Kwatano ko Lome, kuma tun 2003 dokar Najeriya ta keɓe wadda ake yi tsakanin tashoshin ƙasar ga jiragen 'yan ƙasa. Gudun jirgin ruwa da ma'aunin not ake lissafa shi, wanda ya yi daidai da kilomita 1.852 a awa. Ƙananan jiragen kwantena kan yi not 15 ko sama da haka kaɗan, alhali masu tsananin gudu, waɗanda akasari ake ƙera su da alminiyum da gangar jiki biyu domin su yi sauƙin keta ruwa, kan kai not 35 zuwa 40. Kamfanonin Incat da Austal na Ostareliya sun yi fice wajen ƙera su.

Matsalar gudu daga ruwan kansa take. Wanda ya taɓa ratsa kogi ruwa iya ƙirji ya san cewa da zarar ya ƙara sauri sai ruwan ya ƙara danne shi, kuma haka abin yake ga jirgi: idan aka ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin injin da ake buƙata kan ninka kusan sau takwas, man da za a ƙona a tafiya guda kuwa ya ninka kusan sau huɗu. Tafiyar da jirgi mai not 15 zai yi cikin awa 20, mai not 30 zai gama ta cikin awa 10, amma awa goman da aka rage an saye su da tsada. Ƙari a kan haka, dole jirgi mai gudu ya kasance mara nauyi, wato kayan da zai ɗauka kaɗan ne, sai kuɗin man ya hau kan kwantenoni ƙalilan, ga shi idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi yakan rage gudu ko ya fasa fita.

An gwada jirage masu tsananin gudu, kuma sakamakon a bayyane yake. Kamfanin Sea-Land na Amurka ya fito da jiragen kwantena masu not 33 a 1972, tsadar man da ta biyo bayan rikicin mai na 1973 ta sa daga bisani aka sayar wa sojojin ruwan ƙasar da su. Kamfanin Stena ya fara aiki da jirage masu not 40 a 1996, ya janye wanda ke zirga-zirga tsakanin Ingila da Holan a 2007. A Japan kuwa an kammala wani jirgi domin tsibiran Ogasawara a 2005, bai taɓa fara aikin da aka ƙera shi dominsa ba saboda kuɗin mai. Inda irin waɗannan jirage suke cin riba shi ne gajeren zango mai yawan fasinja da motoci, kamar tsakanin Ajantina da Urugwai.

Riɗi busasshen kaya ne da ba ya lalacewa don an ƙara masa kwana ɗaya a kan ruwa, don haka ba zai iya biyan kuɗin gudu ba. Jinkirin da ke cutar ɗan kasuwar Kano a tudu yake: tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Legas, da shingayen hanya, da layin tireloli a tashar Apapa ta Legas, da jiran takardun kwastan, waɗanda da kwanaki ake ƙirga su. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne jirgi mai matsakaicin gudu da ke tashi a ranar da aka tsayar, tare da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023 domin a riƙa kammala binciken kaya a rufe kwantena tun daga Kano. Amfanin tashar ya rataya ne ga samun jirgin ƙasa mai zuwa Legas a kai a kai, domin kowace kwantenar da ta koma kan tirela ta sake faɗawa cikin layin Apapa.