Ƙwaron Ɓawon Itace da Tallafin Gwamnatin Jamus

Farin da ya addabi Jamus daga 2018 zuwa 2020 ya raunana itatuwan sufurus, wato wani itace mai ganye kamar allura da ake shukawa domin katako, har suka kasa fitar da ƙaron da suke kare kansu da shi. Nan ƙwaron ɓawo ya samu ƙofa, domin yakan huda itace ya yi ƙwai, tsutsotsinsa kuma su cinye hanyoyin abincin itacen, ya bushe a tsaye. Babban magani shi ne a sare itacen da ya kamu a fitar da shi kafin sababbin ƙwari su tashi, aikin da ya fi ƙarfin ƙananan masu daji, musamman da farashin katako ya faɗi warwas saboda yawansa a kasuwa.

Ganin kusan rabin dazuzzukan ƙasar na hannun ɗaiɗaikun mutane ne, gwamnatin tarayya ta ware Yuro miliyan 500 a 2020, tana biyan Yuro 100 ko 120 kan kowace hekta ga wanda ke da takardar shaidar kula da daji bisa ƙa'ida. Kuɗin sun rage raɗaɗi, amma ba su kama ƙafar abin da sake dashe ke ci ba.