Allolin Girkawa Da Rumawa: An Rufe Ɗakunan Bautarsu, Sunayensu Na Nan

Duk wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta kwanan wata a cikin Janairu, ko Maris, ko Mayu, ko Yuni, to, ya ambaci sunan wani abin bauta na mutanen dā, ko ya sani ko bai sani ba. Janairu daga Janus aka samo shi, Maris daga Mars, Mayu daga Maya, Yuni kuwa daga Juno. Waɗannan duka alloli ne na Rumawa, waɗanda aka daina yi musu yanka fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Kafin a daina ɗin kuwa, sun daɗe suna riƙe da zukatan jama'a da baitulmalin hukuma a ƙasashen Girka da Rum, har an kashe mutane saboda su.

TUSHEN LABARIN

Bautar allolin Girkawa ta girmi littattafansu nesa ba kusa ba. A Kinosos da ke tsibirin Kirit, da kuma Filos da ke kudancin Girka, masu tonon kayan tarihi sun samo allunan yumɓu waɗanda aka rubuta tsakanin shekara 1400 da 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ba a iya karanta su ba sai a 1952, sa'ad da wani Bature ɗan Ingila, Michael Ventris, ya warware rubutun. Da aka karanta, sai ga sunayen Ziyus da Hera da Fosaidon a cikin lissafin kayan da ake kai wa ɗakunan bauta.

Amma waɗanda suka tsara labaran yadda aka san su yau mawaƙa ne guda biyu, Homa da Hesiyod, waɗanda suka rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Girkawa ba su da saukakken littafi, ba su da wani shugaban addini guda ɗaya, saboda haka kowane birni da irin ruwayarsa. Abin da suka haɗu a kai shi ne cewa manyan alloli goma sha biyu ne, kuma mazauninsu yana bisa Dutsen Olimfos, dutse mafi tsawo a ƙasar, wanda ya haura mita 2,900. Sun ɗauki wannan mazauni tamkar fada ce, da sarki, da uwargida, da 'ya'yan sarki, kowa da sarautar da aka naɗa shi.

YADDA ZIYUS YA HAU GADO

Bisa ga ruwayar Hesiyod, sarautar sama da juyin mulki aka same ta. Koronos ya tumɓuke ubansa, sa'an nan aka gaya masa cewa shi ma ɗansa zai tumɓuke shi. Don haka duk ɗan da matarsa Reya ta haifa, sai ya haɗiye shi. Da ta haifi autansu Ziyus, sai ta naɗe dutse a cikin zane ta miƙa wa mijin ya haɗiye, jaririn kuwa ta ɓoye shi a wani kogo a Kirit. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere. Ziyus ya girma, aka tilasta wa uban ya amayar da 'ya'yan da ya haɗiye, aka kafsa yaƙi shekara 10, Koronos ya sha kashi.

Daga nan 'yan'uwa uku suka jefa ƙuri'a a kan gado. Ziyus ya sami sama, da tsawa da aradu a hannunsa. Fosaidon ya sami teku, yana riƙe da mashi mai baki uku, kuma shi ake dangana wa girgizar ƙasa da dawakai. Hedis ya sami ƙarƙashin ƙasa, gidan matattu, shi ya sa ba a lissafa shi cikin mazauna Olimfos. Doron ƙasa kuwa aka bar shi na kowa da kowa.

Ziyus shi ne mai tsare rantsuwa da haƙƙin baƙo. Don girmama shi ake yin wasannin Olimfiya duk bayan shekara 4, waɗanda aka fara lissafinsu daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. A can ne gwanin sassaƙa Fidiyas ya yi gunkinsa da zinariya da hauren giwa, tsawonsa kimanin mita 12.

MUTANEN FADA

Uwargidan Ziyus ita ce Hera, mai kula da aure. Yawancin labaranta na kishi ne, domin mijin ba ya zama wuri ɗaya, ita kuwa ba ta iya hukunta shi, sai ta huce a kan matan da ya nema da 'ya'yansu.

Atina 'yar Ziyus ce, an ce daga kansa ta fito da sulke da mashi. Ita ce mai hikima da dabarun yaƙi da saƙa. Ta yi takara da Fosaidon a kan wane ne zai mallaki wani birni. Shi ya bugi dutse ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo, ita kuwa ta tsirar da itacen zaitun, aka ce kyautarta ta fi amfani. Birnin shi ne Atan, hedkwatar Girka ta yau, inda aka gina mata babban ɗakin nan na Fatenon daga shekara ta 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa.

Afolo shi ne na kiɗa da waƙa da magani da duba. A Delfi yana da bokanya wadda sarakuna ke aiko wa da tambaya kafin su ɗaura yaƙi. Masanin tarihi Herodotus ya ba da labarin Kiroyisos, sarkin Lidiya, wanda aka amsa masa cewa in ya auka wa Farisa zai rushe babbar daula. Maganar mai harshen damo ce. Ya fita yaƙi, Sarki Sairus ya ci shi, daular da ta rushe ta zama tasa.

Tagwaiyar Afolo ita ce Atemis, budurwa mafarauciya. Harmis ɗan aike ne, mai kula da fatake da matafiya, har da ɓarayi. Hefestos gurgu ne maƙeri, matarsa Afrodita ita ce ta kyau da soyayya, amma zuciyarta tana wurin Ares, na yaƙi, har mijin ya ƙera wata raga ya kama su ya tara musu fada. Diyonisos shi ne na inabi da giya, kuma a bukukuwansa wasan kwaikwayo na Girkawa ya samo asali. Hestiya ita ce ta murhun gida.

Labarin da ya fi taɓa manoma shi ne na Dimita, mai kula da hatsi. Hedis ya sace 'yarta Fasefoni ya kai ta gidan matattu, uwar ta yi fushi ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Ziyus ya shiga tsakani, amma yarinyar ta riga ta ci ƙwayar rumman a can, don haka dole ta riƙa komawa wani yanki na kowace shekara. Da wannan Girkawa suka bayyana dalilin da ƙasa ke mutuwa ta sake rayuwa.

Ba kowa ne ya yarda da waɗannan labarai ba. Wani masani, Zenofanis, ya zargi mawaƙan da jingina wa alloli sata da zina da yaudara. Sai dai wasa da labari daban, ƙin allolin birni daban. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kotun Atan ta yanke wa Sokratis hukuncin kisa bisa tuhumar ƙin yarda da allolin birnin da ɓata tarbiyyar samari, aka ba shi guba ya sha.

A HANNUN RUMAWA

Rumawa suna da allolinsu tun asali, amma da suka cuɗanya da Girkawa sai suka daidaita nasu da na maƙwabta, suka ari labaran. Ziyus ya yi daidai da Jufita, Hera da Juno, Fosaidon da Neftun, Hedis da Fuluto, Atina da Minarba, Atemis da Diyana, Harmis da Markuri, Hefestos da Bulkan, Afrodita da Binus, Ares da Mars, Dimita da Seres, Diyonisos da Bakus, Hestiya da Besta. Afolo kaɗai ya riƙe sunansa.

Duk da haka matsayin bai zo ɗaya ba. Girkawa ba su ƙaunar Ares sosai, Rumawa kuwa sun ɗauki Mars uba ne, domin a ruwayarsu shi ya haifi Romulus wanda ya kafa birnin Rum a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Yuliyus Kaisar ya ce zuriyarsa daga Binus ta fito, ya kuma gina mata ɗaki a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa. Janus mai fuska biyu, mai tsaron ƙofofi da mafarin al'amura, ba shi da takwara a Girka. Ana barin ƙofofin ɗakinsa a buɗe in ana yaƙi, a rufe in an sami zaman lafiya, kuma Sarki Agustus ya yi alfaharin cewa an rufe su sau 3 a zamaninsa.

Addinin Rumawa ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Hukuma ta yi yanka a kan ƙa'ida, alloli su tsare ƙasa. Idan masifa ta auku, sai a ce an yi sakaci a wani wuri. A shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Hanibal na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya karkashe rundunar Rum a bakin tafkin Tirasimin, sai aka shirya wa alloli 12 liyafa ta kwana 3, aka jera gumakansu biyu biyu bisa gadaje, aka ajiye musu abinci.

Haka nan wutar Besta ba ta mutuwa dare da rana, domin an ɗauka ran birnin yana tare da ita. 'Yan mata 6 ke tsaronta. Akan zaɓe su suna tsakanin shekara 6 da 10, su yi hidima shekara 30 ba aure. Wadda aka kama ta karya alkawarin budurci, da ranta ake binne ta.

ƘARSHEN BAUTA

Tun da bauta aikin hukuma ce, wanda ya ƙi yanka ana ganinsa kamar ɗan tawaye ne. A shekara ta 250 bayan haihuwar Annabi Isa, bisa umurnin Sarki Desiyus, aka tilasta wa mutanen daular su yi yanka a gaban jami'ai, a ba kowa takardar shaida. An samo irin waɗannan takardu a Masar. Kiristoci da yawa da suka ƙi sun sha ɗauri, waɗansu aka kashe su.

Ba a daɗe ba reshe ya juye da mujiya. A 313 Sarki Kunstantin ya amince wa Kiristoci su yi addininsu. A 382 Sarki Giratiyan ya yanke kuɗin da baitulmali ke bai wa tsofaffin ɗakunan bauta na Rum, sa'an nan a 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka ɗungum. Da hukuma ta janye hannunta, sai ɗakunan suka fara zama kufai, wutar Besta ta mutu kafin ƙarnin ya ƙare, ko da yake mutanen ƙauye sun daɗe suna bin al'adunsu a ɓoye. Ɗakin Fantiyon na Rum an mai da shi coci a 609. Fatenon kuwa ya zama coci, daga baya ya zama masallaci a zamanin Turkawa, kana a 1687 harsashin igwar mutanen Banis ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki, ginin ya tarwatse.

ABIN DA YA SAURA

Sunayen dai ba su bi ɗakunan ba. Ɗan makarantar da ke koyon Faransanci a Maraɗi ko Damagaram yana ambaton Mars da Markuri da Jufita da Binus a cikin sunayen Talata da Laraba da Alhamis da Jumma'a. Tauraruwar nan mai haske da Hausawa ke kira Zara matar wata, ita ce Turawa ke kira Binus. Masana taurari sun ci gaba da wannan al'ada, suka sa wa duniyar da aka gano a 1846 suna Neftun, wadda aka gano a 1930 kuma Fuluto.

Shirin Amurka da ya kai mutum duniyar wata a watan Yuli na 1969 sunansa Afolo. Sabon shirin komawa can kuwa an ba shi sunan 'yar'uwarsa Atemis, kuma kumbonsa na farko ya tashi a watan Nuwamba na 2022. Wani kumbon mai suna Juno ya isa duniyar Jufita a 2016, watau an aika uwargida ta leƙa abin da maigida yake ɓoyewa a bayan gizagizai. Wasannin Olimfik ma, waɗanda aka farfaɗo da su a Atan a 1896, ana kunna wutar yularsu ne a Olimfiya, a gaban kufan ɗakin Hera, kafin a zaga da ita zuwa birnin da zai karɓi baƙuncin gasar.